Biyan malami don ya koya maka rera waƙa: gyara ne ko ɓarnar kuɗi?

Ɗan Tela Kawo:
Assalamu alaikum 'yan gida. Shawara nake nema, kuma don Allah a bi ni a hankali, na san bakin wasu a zauren nan.

Ni tela ne a Kawo, nan Kaduna, amma kusan shekara 4 ke nan ina taɓa waƙa. Yawanci ta biki ce, amarya da ango, sai ɗan bege idan watan Maulidi ya kama. Matsalata biyu. Ta farko, a situdiyo komai lafiya lau, amma ranar da aka miƙo min makirfo a gaban jama'a, kafin in kai baiti na uku numfashi ya ƙare, sai ka ji ina haki kamar wanda ya turo baro daga Kasuwar Barci. Ta biyu, bayan ƙaramar Sallah na yi biki uku a jere, Juma'a da Asabar da Lahadi. Ranar Litinin na tashi ko sallama ba ta fita. Kwana 9 na yi ina nuna wa masu kawo ɗinki farashi da yatsa.

Wani abokina da muke layi ɗaya ya haɗa ni da wani malami a Sabon Tasha. Shi ne mai horar da mawaƙan cocinsu, kuma yana koyar da murya a gidansa ga duk mai so. Na je sau 2. Naira 4,000 ne zaman awa ɗaya, ban da kuɗin mota, kun dai san daga Kawo zuwa Sabon Tasha sai ka ratsa garin kaf ka tsallaka gada. Abin da ya ɗaure min kai, har yau bai ce in rera ko baiti ɗaya ba. Ranar farko tabarma ya shimfiɗa ya ce in kwanta rigingine, ya ɗora min littafi a ciki, wai in ja numfashi littafin ya ɗaga, ban da kafaɗa. Rana ta biyu ya ba ni robar zuƙar lemo ya ce in riƙa hura kofin ruwa ina fitar da sauti, daga nan in karkaɗa leɓe kamar yaro mai wasan mota. Da na dawo gida kasa ba wa mai ɗakina labari na yi.

To jama'a, wannan hanya ce ko dai wayo ake min? In ci gaba ko in riƙe kuɗina in sayi zare?

Sarkin Gardama Fagge:
Wa alaikumus salam. Naira 4,000 don ka hura ruwa a kofi? Taho Fagge in ba ka bokiti guda kyauta, har da roba biyu.

Malam, waƙa baiwa ce. Wa ya kwantar da Shata a tabarma? Mutumin da ko gadon kiɗa bai yi ba, mahaifinsa ma ba ya son abin, amma sai da Jami'ar Ahmadu Bello ta kira shi ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Ɗan Maraya fa, da kuntiginsa shi kaɗai? Barmani Choge wace makarantar murya ta shiga? Idan Allah ya ba ka ya ba ka, idan bai ba ka ba ko a kan katifa aka kwantar da kai ba za ta fito ba.

Maman Ihsan:
Wallahi wasan motar nan ya sa ni dariya har yara suka leƙo. Ƙanena, ba sai ka wahala ba. Ka samu zuma mai kyau, citta, kanumfari da ɗan lemon tsami, ka dafa ka riƙa sha da ɗumi safe da dare. Ka daina ruwan sanyi. Wasu ma ɗanyen ƙwai suke kwankwaɗa kafin su hau.

Na Bakin Kasuwa:
A duba masa beli ma. Wani ɗan unguwarmu sai da wanzami ya cire masa sannan muryarsa ta buɗe.

Baba Tsohon Ɗan Amshi:
Jikana ne ya karanta mini zancen nan, shi ne kuma ke rubuta abin da nike faɗi, in an ga kuskure nashi ne.

Ɗana na Fagge, ka yi magana amma rabi ka faɗi. Ni shekara 11 na yi bayan maigidana, makaɗin kotso ne a ƙasar Zamfara, Allah ya jiƙan shi. Shekarar farko ban buɗe baki ba. Ɗaukar kaya nike, in shanya fatu, in kawo ruwa. Da anka ce in fara amshi, can ƙurya anka aje ni, anka ce kada muryata ta hau ta na gabana. Duk sabuwar waƙa, sai an kwana uku ko huɗu cikin zaure ana bita da dare bayan gari ya yi shiru. Maigida ya kawo gindin waƙa, mu karɓa, ya ce a sake. Ya kawo ɗa, wato baiti, mu ƙarasa mishi, ya ce a sake. In ka shigo kafin lokaci, kallo ɗaya zai yi maka, abincin daren nan ba zai yi maka daɗi ba. To wannan in ba makaranta ba ce mene ne? Don dai ba a biyan kuɗi a kan awa? Mu da ƙuruciyarmu munka biya.

Ɗankwairo da kowa ke yabon zaƙin muryarshi, ai bayan mahaifinshi ya tashi, ya kuma yi zamani bayan wanshi Kurna kafin ya ja nashi ayari. Shata da ka kawo, gaskiya ne bai gada ba, amma kafin kalangu ya daɗe yana waƙa a dandali da wajen talla. Mutum ya yi shekaru yana gwada muryarshi gaban jama'a kullum, ka ce ba a koya mishi ba? Dandali ya koya mishi.

Kai kuma ɗana tela, ga abin da ban ji wani ya gaya maka ba. Kun ɗauki amshi ado ne. Amshi hutun jagora ne. Sa'adda muke karɓi, maigida numfashi yake ja, yana haɗiyar yawu, yana shirya ɗan da zai biyo. Shi ya sa za ka ga tsoho ya kwana yana waƙa gaban sarki, da safe ya tashi da muryarshi garau. Ku yanzu mutum ɗaya ne jagora, shi ne 'yan amshi, kiɗa kuma na cikin na'ura ba ya jiran kowa. Ko jaki ne aka yi wa wannan lodi sai ya durƙusa.

Ɗan Tela Kawo:
Allah ya ƙara girma Baba. Wallahi ban taɓa kallon amshi ta nan ba. Ni har amshin ni nake yi, don kada a ce bakina ya tsaya.

Sarkin Gardama Fagge:
Baba, na durƙusa, ban ja da kai ba. Amma abin da ka faɗa koyo ne a hannun makaɗi ɗan'uwanka, mai harshenka. Wannan fa malamin coci ne zai koya wa mai bege. Ina aka haɗu?

Malamin Allo da Tajwidi:
Ɗan'uwa na Fagge, huhu ba shi da ɗarika. Ba zan shiga hukuncin kiɗa ba, zauren nan ba na wannan ba ne, kuma kowa ya san malamin da yake tambaya. Magana ta murya nake yi.

Mu da muke shirya yara musabaƙa, aikin da muke yi ke nan. Yaro ya zo da murya mai daɗi, baiwa ce, ba musu. Amma ka ba shi aya mai tsawo, ga maddi lazim da sai ya ja haraka 6, ga gunna, ga wurin da ba a yarda ya tsaya ba don ma'ana za ta lalace, sai ka ga baiwar ta tsaya a rabin hanya tana haki. Dole a zaunar da shi a nuna masa inda zai yi waƙafi, yadda zai cika ciki da iska ba tare da an ji fizgarta ba, yadda zai riƙa sakinta kaɗan-kaɗan. Mafitar haruffa 17 da malaman tajwidi suke ƙirgawa, akwai wanda aka haifa da su a baki? A gaban malami ake gyara su, baki da baki. Ban taɓa jin an ce wa mai koyon ƙira'a “ai baiwa ce, zauna a gida” ba. Sai a waƙa ne kawai muke jin kunyar a ce an koya mana.

Sharaɗina ɗaya ne ga tela: abin da ka je nema numfashi ne da saita murya. Baitocinka kai za ka kai, ba shi zai ba ka ba. Idan malamin mai mutunci ne shi ma ya san haka.

Mai Kula da Zaure:
An gode Malam. A tsaya a kan murya don Allah. Na goge saƙo biyu, masu su sun san kansu.

Anti Nas:
Bari in sa baki, don shekaruna da dama a sashen kunne, hanci da maƙogwaro, kuma masu irin matsalarka muna ganinsu: mawaƙa, malaman firamare, ladanai, kwandastoci, masu wa'azi.

Da farko, Na Bakin Kasuwa, don girman Allah a bar belin mutane. Beli ba shi ke yin murya ba. Abin da ake samu daga yanke shi zubar jini ne da shigar ƙwayoyin cuta, mun sha karɓar waɗanda aka kawo a haka.

Murya daga wasu 'yan siraran tsoka biyu take fitowa, suna cikin maƙogwaro daidai bayan zakaran wuya. Tsawonsu bai wuce kamar santimita 2 ba. Iska ce take tasowa daga huhu ta ratsa tsakaninsu, su riƙa haɗuwa suna rabuwa da sauri. A maganar yau da kullum, na namiji suna kaɗawa sau 100 da 'yan kai a daƙiƙa ɗaya, na mace wajen sau 200. Idan ka hau sama a waƙa adadin ya ninka. To ka lissafa awa uku kana ihu a kan lasifika, kwana uku a jere. Kumbura suke yi, idan sun kumbura ba sa haɗuwa daidai, shi ne dishewar da ka ji. Idan aka ci gaba da yi musu haka sai su yi kanta, irin wadda almakashi ya yi maka a yatsa. Bambancin kawai, ta yatsa taimakonka take yi, wannan kuwa ita ce za ta sa muryarka ta riƙa fita da iska-iska, saman kuma ya ɓace.

Hura ruwan da ake yi wa dariya, masu gyaran murya a asibiti ma suna sa marasa lafiya su yi. Idan ka ƙuntata mafitar iska da roba ko da leɓe, wani matsi yana komawa baya ya tallafi tsokar nan biyu, sai su kaɗa ba tare da suna bugun juna da ƙarfi ba. Littafin da aka ɗora maka a ciki kuma don ka gane tantanin nan da ya raba ƙirji da ciki ne. Shi ne babban mai jan numfashi. Mai ɗaga kafaɗa saman huhunsa kawai yake cikawa, sai wuya ya ɗauki aikin da ba nasa ba. Ni a ganina malaminka ya san abin da yake yi. Wanda zan ji tsoro shi ne wanda zai ce ranar farko ka ƙure muryarka ya ji.

Maman Ihsan:
To Anti, zumar fa? Ni dai ina sha kuma ina jin daɗinta, kada ki kashe min kasuwa.

Anti Nas:
Hajiya sha abinki, ba ta da laifi. Amma ki sani duk abin da kika haɗiya ba ya taɓa tsokar muryar. Hanya biyu ce a wuya, ta abinci da ta iska, kuma akwai murfin da ke rufe ta iska duk lokacin haɗiya. Ranar da ɗigo ɗaya ya kuskure ya bi ta can, ai kin san sunan abin: ƙwarewa. Zuma da citta suna lallashin maƙoshi ne, shi ya sa ake jin sauƙi. Ɗanyen ƙwai kuwa ba abin da yake ƙarawa sai haɗarin ciwon ciki.

Abin da ke kaiwa can biyu ne: ruwan da ka sha tun da rana ya bi jiki, ba wanda ka kurɓa kana riƙe da makirfo ba, da kuma sirace da ruwan zafi zalla, musamman da hunturu lokacin da iska ta bushe ga ƙura. Hayaƙin taba da shisha su ma suna kaiwa, ta mummunar hanya. Sai ƙwannafi, wanda mutane ba sa kawo shi a lissafi. Ka dawo biki ƙarfe 1 na dare, ka ci tsire da yaji ka kwanta nan take, ruwan ciki mai tsami ya taso har maƙogwaro kana barci. Da safe ka ce sanyi ne ya kama ka.

Idan murya ta dishe, a yi shiru, kada a koma raɗa, raɗa ma wahalar da ita take yi. A rage yawan gyaran murya da kaki. Dishewar da ta wuce sati 3 ba ta tafi ba kuma, ba ta malamin waƙa ba ce, ta likita ce, a leƙa da na'ura a ga abin da ke ciki.

Injiniya Zoo Road:
Ni zan faɗi laifinmu, mu masu situdiyo, tunda ba wanda zai faɗa.

Tela, ka ce a situdiyo komai lafiya lau. Ba lafiya ba ce, mu ne muke ɓoye ciwon. Layi-layi muke ɗauka. Ka yi layi ɗaya ka tsaya, ka sha ruwa, ka amsa waya, ka yi na biyu sau 7 mu zaɓi mai kyau. Daga baya mu zauna mu ɗinke, sana'armu ɗaya da kai. Inda ka ja numfashi mu yanke, shi ya sa idan ka saurari waƙarka za ka ji kamar mutumin ba ya numfashi. Sai ka je biki kana son ka kwaikwayi abin da kai kanka ba ka taɓa yi a tashi ɗaya ba.

Sannan ga Auto-Tune. Tun 1997 wani kamfani mai suna Antares ya fito da shi, aikinsa ya ja muryar da ta kauce ya mayar da ita kan sauti mafi kusa. An yi shi ne don ɗan gyara, mu muka murɗe shi har ƙarshe ya zama shi ne salon. Akwai yaran da ke zuwa wurina ba su san akwai wani abu wai shi kii ba, wato matakin sautin da ake ɗora waƙa a kai. In buga fiyano a nan, shi yana can wani gari. In ce ka sauka daga kan kiɗa, ya ce “ai kwamfuta za ta gyara”. Tana gyarawa, amma ba ta bin ka gidan biki, kuma ba ta sayar da numfashi.

Wallahi wanda ya yi wata 3 a hannun malami, daga layin farko nake gane shi. Aikin da ke cin awa 4 sai mu gama a awa ɗaya. Ka lissafa kuɗin situdiyon da za ka rage, ka ga ko 4,000 ɗin ta yi yawa.

Ƙarin shawara kyauta: a wurin biki ka ce wa mai kayan sauti ya juyo da lasifika ɗaya ta kalle ka. Rabin ihun da kuke yi don ba kwa jin kanku ne.

Sarkin Gardama Fagge:
Injiniya yau ka tona asirin gida. Gobe kada ka yi mamaki idan ka ga layin Zoo Road ba kowa.

Anti Zumunta Jos:
Sannunku. Ni shekara 20 ke nan ina cikin mawaƙan coci a Jos, kuma da Hausa muke yawancin waƙoƙinmu, don haka ina ganin ina da ɗan abin cewa.

Duk abin da aka sa ɗan'uwanmu tela ya yi, mu ma da shi muke fara bita kowane mako, minti 10 zuwa 15 kafin a taɓa waƙa. Muna koyon sauti da do, re, mi, fa, so, la, ti, kuma amfaninsa shi ne kunne. Yana sa ka ji da kanka cewa ka yi ƙasa ko ka yi sama, ba sai wani ya harare ka ba.

Amma Sarkin Gardama yana da 'yar gaskiya a wani wuri, ko da yake ba inda ya nufa ba. Tsofaffin waƙoƙinmu na littafi, karinsu daga Turai aka kawo, aka ɗora musu kalmomin Hausa. Wani wurin sai ka ji an ja gaɓar da Bahaushe ba zai taɓa ja ba. Mun saba, ba ma ji. Amma ka saurari waƙoƙin da matan zumunta suke ƙirƙira da kansu, da tulu da kacau-kacau, za ka ji Hausar ta zauna daram, don daga harshen aka ciro karin. Kuma yawancinsu a kan sauti 5 suke tafiya, ba 7 ba, babu fa babu ti, kamar dai yawancin waƙoƙin gargajiya. Malamin da bai lura da wannan ba zai iya goge maka murya tas, ka fito kana waƙa kamar baƙo.

Malamin Hausa Zariya:
Anti ta taɓo inda nake jira. A ba ni fili kaɗan.

Hausa tana da abu biyu da rubutunmu na boko ba ya nunawa: tsawon wasali da karin sauti. Ɗauki “gari” na zama da “gari” na tuwo. Harafi huɗu ne duka, amma na tuwo gaɓarsa ta farko doguwa ce, na zama gajera. Idan karin waƙarka ya ja “ga” ɗin, ka ce amarya ta shigo gari, to cikin buhu ka jefa ta. Ɗauki kuma “kuka” na hawaye da “kuka” ta miya, a nan tsawo ɗaya ne, sauti ne ya raba su: na hawaye sama-sama, ta miya sama sannan ƙasa. A waƙa ana ɗan yi wa karin sauti sassauci, ma'anar jimla takan fitar da mutum. Tsawon gaɓa ne kunnen Bahaushe ba ya yafewa, don a kansa aka gina ma'aunin waƙarmu, ta baka da rubutacciya: gaɓa mai nauyi (mai dogon wasali ko mai ƙarewa da baƙi) da marar nauyi. Abin da ya sa waƙoƙin su Narambaɗa suke zama a kunne ke nan, kalma ba ta faɗa da kiɗa, kamar tare aka haife su.

Malamin murya da ya taso a kan do-re-mi an koya masa cewa wasali shi ne wurin da ake baje murya, a buɗe baki a ja. Gaskiya ne a tsarinsa. Amma shi ba ruwansa da wace gaɓa ce, inda karin ya kai nan zai ce ka ja. Don haka tela, ka ba shi huhunka da maƙogwaronka da kunnenka, ka riƙe harshenka. Idan ya ce ja nan, ka faɗi kalmar da bakinka kamar kana hira a shago, idan ba ta jawuwa a hira, kada ka ja ta a waƙa. Ka matsar da jan zuwa gaɓa mai nauyi ko ƙarshen layi.

Sarkin Gardama Fagge:
Ikon Allah, yau Bazazzagi ne ke koya wa mutane Hausa. Duniya ta zo ƙarshe.

Malamin Hausa Zariya:
Ai dole, tunda Kanawa kun sayar da taku a Kantin Kwari.

Ɗan Maraɗi:
Gaisuwa daga Nijar. Ni abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda kuke gardama ko ana koyon waƙa a lakkwal, wato makaranta. Mu nan Yamai akwai cibiyar koyar da kiɗa da waƙa ta gwamnati, CFPM Taya, tun 1989. Ana koyon kayan Turawa, ana koyon na gargajiya, gurumi da kalangu da sauransu, har ɗakin aje tsoffin kayan kiɗa gare su. Mawaƙa da yawa da kuke ji daga nan sun ratsa ta wurin. Ba wanda ya ce musu don sun shiga aji baiwarsu ta ragu. In da mai koya maka numfashi da mai koya maka gargajiya suna gida guda, ai da wannan gardama ba ta taso ba.

Ƙanwar Kowa:
Don Allah ni ma in tambaya. Ina amshi a situdiyo jefi-jefi, kuma ina son in koya sosai, amma Abbanmu ba zai taɓa yarda in je gidan wani namiji in zauna awa guda ba, balle a ce kwanta a tabarma. Ya zan yi?

Anti Zumunta Jos:
'Yata, Abbanki yana da gaskiya, ni ma ba zan tura tawa ita kaɗai ba. Akwai mata masu koyarwa, ki tambaya a makarantun da ke koyar da kiɗa ko wurin matan da ke jagorantar mawaƙa. Idan namiji ne kawai ya samu, ku haɗu ku uku ko huɗu, a tsakar gidanku, da yayanki a zaune. Kuɗin ma ya ragu. Kuma malami ba ya bukatar ya taɓa ki, ke za ki ɗora hannunki a cikinki, shi ya nuna a nasa. Wanda ya ce sai ya taɓa, ki ɗauki jakarki.

Mai Shayi Tudun Wada:
Ni dai an taɓa cin kuɗina, shi ya sa nake ɗari-ɗari. Wani na gani a intanet yana tallan zai mayar da kai gwani a kwana 30. Na tura kuɗin wata, ya riƙa turo min sautin fiyano yana cewa in bi shi sama, in ƙara sama, in daure. Na ce wuyana yana zafi, ya ce alamar murya tana buɗewa ce. Sati biyu muryar ta rufe gaba ɗaya, shi ma ya rufe wayarsa.

Anti Nas:
Zafi ba alamar buɗewa ba ce, alamar rauni ce. Gajiya kaɗan ana ji, amma zafi ko ƙaiƙayi ko dishewa bayan darasi, a tsaya.

Injiniya Zoo Road:
Kuma kada a biya kuɗin wata tun ba a ga kamun ludayin mutum ba. Zama-zama. Ka ce ya rera maka da bakinsa, ka ga ɗalibinsa ɗaya ko biyu. Mai cewa kwana 30 kuwa, ko koyon ɗinki ne tela zai gaya maka ƙarya ce.

Ɗan Tela Kawo:
Kwana 30 ko aljihu ba ka iya dasawa ba. Na gode ƙwarai jama'a. Zan ƙara zama 6 in gani, zan dawo da labari in sha Allah.

Ɗan Tela Kawo:
Salam. Na dawo kamar yadda na yi alkawari, sati 7 ke nan.

A zama na huɗu ya ce in kawo waƙata. Na rera masa ta amaryar da ta kashe min murya bayan Sallah. Bai bari na kai rabi ba ya tsayar da ni, ya laluba a fiyano, ya ce tun daga farko a saman muryata nake kama waƙar, shi ya sa idan baiti ya hau ba ni da wurin zuwa sai ihu. Ya sauke ta mataki 2. Da farko na ji kamar ba ni ba, kamar waƙar ta yi sanyi. Da ya ɗauka a waya ya kunna min, sai na ji ashe nan muryar take da kauri. Ya karɓi takardar baitocin ya sa min alama da biro duk inda zan ja numfashi, kamar dai waƙafin da Malam ya faɗa. Akwai layi biyu da ya ce ba mai huhun da zai kai su, in rage kalmomi. Na ji haushi, amma na rage.

Akwai wani atisaye da yake sa ni, in ja iska in riƙa sakinta da “sss” yana duba agogo. Ranar farko daƙiƙa 13 na yi. Jiya na kai 29. A kan keke nake yi idan ba kowa a shago.

Malamin Hausa, abin da ka faɗa ya faru kamar kana wurin. Akwai inda na ce “duk gari ya hallara”, ya ce in buɗe baki in ja “ga”. Na ce Malam idan na ja nan tuwo za a tuƙa. Ya yi shiru, ya maimaita kalmar sau biyu, sai ya fashe da dariya, ya ce shekararsa nawa yana Hausa bai taɓa lura ba, a nan ni ne malami. Muka mayar da jan kan “ra” ta ƙarshe.

Ba zan ce komai ya gyaru ba. Ranar Asabar na yi biki a Unguwar Dosa, da aka fara liƙi na manta duk abin da aka koya min, kafaɗa ta koma ɗagawa. Amma na tashi Lahadi da muryata. Na kuma bi maganar Baba, na ɗauki yarana biyu na shago suna min amshi, Injiniya ya cire amshin daga cikin kiɗan ya bar musu gurbi. Batun kuɗi kuma mun daidaita, ni zan ɗinka wa mawaƙansa ankon Kirsimeti, shi ya ba ni zama 10.

Sarkin Gardama Fagge:
To ai ka ga inda baiwar take, a keken ɗinki. Ni dai har yanzu ina nan a kan bakana, wanda ba shi da ita ko tafki ya hura ba zai yi waƙa ba. Amma turo mu ji.

Ɗan Tela Kawo:
Na tura, minti 2 ne daga bikin Asabar. A yi haƙuri da hayaniyar mata.

Baba Tsohon Ɗan Amshi:
Jikana ya kunna mini sau uku. Muryarka ta zauna, ɗana. Amma yaran nan naka suna jira sai ka rufe baki sannan su shigo, shi ya sa ake jin rami tsakani. Su kama tun kana kan gaɓar ƙarshe, su ɗauke maka ita daga baki. Na hagun kuma yana son ya fi ka ƙara, ka mayar da shi baya taki biyu. Ku samu dare uku a shagon bayan an rufe, ba kiɗa, tafi kawai, sannan ka sake turo mini.